Garin da Ba Mu da Kowa

Duk wanda ya saba shiga babbar tashar motar Sakkwato da sassafe ya san muryar Maigandi, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai kiran "Zariya, Kaduna! Saura mutum ɗaya!" alhali motar ko rabi ba ta yi ba. Ɗan kamasho ne. Aikinsa ya nemo fasinja, ya cika mota, ya ɗaure kaya, direba ya sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Dogo ne siriri, da hular da rana ta shanye launinta. A da muryarsa har bakin titi take kaiwa, yanzu kuwa ta dushe, sai ya kurɓi ruwan zafi da citta kafin ta yarda ta fito da safe.

A Ƙofar Kware aka haife shi, a gidan 'yan hatsi. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a rumfa, ya zauna yana awon gero da dawa. Amma tun yana saurayi aka aike shi tasha ya sa wasu buhuna a mota, ya ga hayaniya da raha da mutane masu zuwa garuruwan da sai dai ya ji sunansu, daga ranar rumfa ta daina zaunar da shi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. A tsawon wannan lokaci babu garin da bai tura mutum ba. Ya san motar da ke tashi da wuri, ya san direba mai gudu da direba mai tsayawa salla a kan lokaci, ya san inda ake sauka a canja mota. Rabin aikinsa ma saƙo ne: wannan ta kawo ƙullin daddawa a kai wa 'yarta, wancan ya kawo katifar ɗalibi, shi kuma ya san direban da zai damƙa wa kaya su isa lafiya. Amma shi kansa, in ka cire Gusau da ya taɓa zuwa ɗaurin aure ya dawo a ranar, bai taɓa kwana a wani gari ba.

Matarsa Binta ma haka. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sana'ar da ba a yin ta a zaune cikin inuwa. Ta raini 'ya'yansu har suka yi aure suka watse. Daidai lokacin da ya kamata ta miƙe ƙafa, sai mahaifiyar Maigandi, wadda kowa ke kira Inna, ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Aka kawo ta ɗakin da ke kusa da na Binta. Shekaru suka yi ta wucewa, Binta ce mai juya ta, mai wanke ta, mai ba ta kunu a baki, mai tashi in ta yi nishi. Dangi suna zuwa gaisuwa ranar Juma'a, su ce sannu, su sa albarka, su sha fura su tafi. Har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, ana tsakiyar bazara, irin zafin nan na Sakkwato da ko ƙadangare ke neman inuwa, muryar Maigandi ta ɗauke gaba ɗaya, ya dawo gida da azahar. Tun daga zaure ya ji ƙauri. Ya shiga ya iske Binta zaune a kan kujera 'yar tsugunno gaban murhu, muciya a hannunta, kanta ya faɗa kan ƙirji, tana barci. Tuwo yana ƙonewa. Ya tsuguna ya janye itacen a hankali. Ƙarar itacen ce ta farkar da ita.

"Malam, ka yi haƙuri, ban san sa'ad da…"

"Bari tuwon ga," ya ce da 'yar muryar da ta rage masa. "Binta, in anka ce ki zaɓi abu guda, mi kike so?"

Ta yi 'yar dariya tana goge ido da bakin zane. "Aljanna."

"Amin. Kahin nan fa?"

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Can ta ce, "In zamna wani wuri da ba wanda yas san ni. A kawo mani abinci ban san wadda tad dafa ba. In ci, in ture kwanon, in kwanta. Shi ke nan." Sai ta ji kunyar maganarta, ta kama kankare tukunya.

Maganar ta bi Maigandi har tasha washegari, ta zauna kusa da shi a benci.

Suna da adashi a tsakaninsu 'yan tasha, kuma kwasarsa ta kusa. Da ma ya yi niyyar gyara katangar gida da ta tsage. Ya ce a ransa katanga ta jira, ai ta daɗe tana jira. Ya samu abokinsa Bawa, wani direba mai tumbi da ke jigilar Jos, ya ja shi bayan rumfar mai shayi ya gaya masa.

Bawa ya yi dariya har yana riƙe ciki. "Kai da ka tsuhwa kana ihun saura mutum guda, ashe kai ne mutum gudan! To Allah shi kai mu. Wa zai cika muna mota in ka tahi?"

"Ka bar wasa, Bawa. Masauki nike so, mai sauƙi, mai mutunci. Inda mutum zai kai iyalinshi."

Daga nan shiri ya kankama. Maigandi ba mai rubutu ba ne, komai a ka yake ajiyewa, kuma ya yi makonni yana gina tafiyar nan a kansa kamar mai gina ɗaki. Jos ce zuciyar tafiyar, saboda sanyi. Amma a ɗauki Binta daga Sakkwato har Jos a rana guda, ai an karya mata baya kafin a fara hutun, don haka za su yada zango a Zariya. Bawa ya san wani ɗan masauki a bayan Kwangila, na wani dattijo, ba kiɗa, ba tarkacen mutane, akwai rijiya a tsakar gida ko da famfo ya ƙi. A Jos kuma ya san wani da ba ya da ko fanka, don a can bargo ake nema. A dawowa za su biyo ta Kano su kwana, Binta ta shiga Kantin Kwari ta ba idonta abinci da atamfofi, ko da ba ta sayi komai ba.

Sauran dabaru kuwa ba sai an koya masa ba. Motar farko za su riƙa bi, ba tafiyar yamma, balle a halin da hanyoyi ke ciki. Kujerar bayan direba, Binta a jikin taga, nesa da taya. Jaka ɗaya tak, wadda za a ɗora a cinya, don kada a biya kuɗin kaya. Zanin gadonsu, da buta, da darduma, da ɗan kwaɗon kulle ƙofa. Ba a biyan ɗaki sai an shiga an duba shi, an murɗa famfo, an ɗaga katifa. Abinci kuma a wajen masu sayarwa a bakin titi, inda direbobi ke ci, don nan ne ake cika kwano.

Bayan magariba, in sun shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai ya riƙa ba ta labarin tafiyar kamar mai tatsuniya, ita kuma tana ɓarar gyaɗa.

"Bargo, Malam? Cikin bazara?"

"Bawa ya rantse mani. Yac ce da sahe har hayaƙi ke hita bakin mutum."

"Bawa dai da ƙari." Amma hannunta ya tsaya a kan gyaɗar, kuma ya ga tana murmushi. Rabon da ya ga wannan murmushin tun kafin Inna ta kwanta.

Gargaɗi ɗaya Bawa ya yi masa. "Kada ka gaya ma kowa sai ka ji ƙarar injin." Maigandi ya san gaskiya ce, ai shi ya fi kowa sanin abin da ke faruwa da mutumin da aka ji zai yi tafiya. Amma akwai Yaya Hafsat. Ita ce babbar yayarsa, gwauruwa, tana zaune a wani tsohon gida kusa da Hubbare, kuma tun rasuwar Inna ita ce a matsayin uwa. Mutum ba ya barin gari bai yi sallama da na gaba da shi ba. In wani abu ya same shi a hanya fa, a ce ya tafi bai nemi albarka ba? Don haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya bi ta cikin masu ziyara da masu sayar da carbi da turare, ya shiga gidanta.

Ta sa aka dama masa fura. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Yaya, tahiya ta kama mu, ni da Binta. Zariya, da Jos, mu biyo ta Kano."

Ta ajiye carbinta. "Lahiya? Wa yam mutu?"

"Ba wanda yam mutu."

"Asibiti za ku?"

"A'a, lahiyarmu lau."

"To mi za ku yi can?"

Maigandi ya dubi yayarsa, ya tuna furfurar da ke gemunsa. Ya buɗe baki ya ce zai ɗauki matarsa su je su kama ɗaki a otal su zauna haka kawai, ba mutuwa, ba biki, ba fatauci? Harshensa ya ƙi. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Zumunci dai, Yaya."

"Alhamdu lillahi!" Ta ɗaga hannuwa sama. "Yau Allah ya shirya mani Maigandi. Shekara nawa kana tura bare, danginka ba su san ƙahwarka ba."

Ta laluba ƙarƙashin filo ta ciro 'yar wayarta mai manyan maɓallai. Yaya Hafsat ba ta yi boko ba, amma duk zuriyarsu a kanta take: wa ya auri wa, wa ya koma ina, wa ake bin sa gaisuwa. Kafin Maigandi ya kai ƙasan kwanon furarsa, an gama raba musu kwanaki. A Zariya za su sauka gidan Mamman, ɗan kawunsu, wanda matarsa ta haihu ba a je barka ba. A Jos, gidan marigayi Baba Abdulshakur, ƙanin mahaifinsu, wanda ta'aziyyarsa a waya kawai aka yi, abin kunya. A Kano kuwa, gidan Shamsiyya, 'yar ita Yaya Hafsat ɗin, wadda cikinta ya tsufa.

"Binta ta iya jinya, ta kama mata aiki kwana biyu," in ji ta. "Ka ga ko'ina kuna da gado da tuwo. Mu da Allah yab ba dangi."

"Haka ne, Yaya," ya ce. Ya yi sallama ya fito.

Kafin gari ya waye labari ya gama dangi, kafin azahar ya gama unguwa. Sai sallama ta fara yawa a ƙofar gida. Kowa da maganarsa iri ɗaya: ɗan saƙo ne, ba shi da nauyi. Rabin buhun gero na Mamman. Galan ɗin man shanu. Albasa. Kilishi a naɗe cikin takarda. Tabarmi. Kwalbar maganin gargajiya da aka ce kada a kwantar da ita. Wata maƙwabciya ta kawo keken ɗinki a kai wa ƙanwarta a Kano, tunda ai hanya ce. Zaure ya cika har sai an karkata ake wucewa. Maigandi ya tsaya yana kallon tulin, yana tuna jakarsa ɗaya tak da za a ɗora a cinya. Shekara talatin yana ganin fasinjoji suna zuwa tasha da irin wannan tuli da irin wannan fuska, yana yi musu dariya a ransa.

Binta ba ta ce masa don me ba. Da ya gaya mata yadda aka yi, sai ta ce, "To," ta tashi ta jiƙa gyaɗa. Mace ba ta shiga gidan dangin miji hannu rabbana, balle gidaje uku, ɗaya na mai jego, ɗaya na rasuwa, ɗaya na mai jiran haihuwa. Ta daka yajin jego. Ta yi dakuwa. Ta kwaɓa alkaki. Ta soya ƙuli-ƙuli kwano bayan kwano, a cikin wannan zafin, daga hantsi har la'asar. Hira a kan tabarma ta mutu. In ya fara zancen Jos sai ya ga ta riga ta kishingiɗa.

Ana saura kwana kaɗan su tashi, ya dawo da rana ya iske abin da ya taɓa iskewa, sai dai wannan karon ba tuwo ba ne a kan wuta, kaskon mai ne yana tafasa. Tana zaune dab da shi, ludayi a hannu, kanta yana rinjaya gaba. Ya yi tsalle ya riƙe kafaɗarta, ya janye itacen da ƙafa.

Ta farka ta dubi kaskon, ta dube shi. Ba ta ba da haƙuri ba wannan karon. Ta ce, "Malam, mu fasa."

"Binta…"

"Ba ka yi laihi ba. Amma ka duba. Gidan Mamman mai jego na kwance, zan zamna ina kallo ana aiki? Gidan Baba mata cike, ni matar ɗa, wa zai tashi in ban tashi ba? Shamsiyya kuwa an riga an ce mata ga mai taimako nan tahe. Ko'ina munka sauka, da asuba ni ce a madahi." Ta ajiye ludayin. "Nan gida na san inda aikin ke ƙarewa. Can ban sani ba. Ka bar ni nan."

Ba da fushi ta faɗa ba. Da fushi ne ma da ya fi masa sauƙi. Ya fita zaure ya zauna a kan buhun geron Mamman, ya daɗe a nan, warin albasa da man shanu na cika masa hanci. Ya so ya sama mata wurin da za ta ture kwano ta kwanta, ga shi ya ƙara mata murhu uku a garuruwan mutane, duk saboda ya ji nauyin faɗin kalma ɗaya.

Washegari bayan la'asar ya koma Hubbare. Yaya Hafsat tana tsakar gida tana tsince zogale. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya cire hula ya mayar.

"Yaya, na zo in gyara magana. Ba zumunci za mu ba."

"To mi?"

"Hutu. Ɗaki zan kama muna a masauki. Ta zamna, ta huta. Shi ke nan."

Ta bar tsintar. "Otal? Kai Maigandi? Da hurhurarka?" Ta matsar da tiren zogalen gefe. "Ka shiga garin da Mamman yake, ka kwana ɗakin haya kamar wanda ba shi da kowa, shi ji a bakin mutane? Mi munka yi maka?"

"Ba ku yi mani komi ba."

"To wane irin wulaƙanci ne wanga?"

Ya sunkuyar da kai. Muryarsa da ma ba ta da ƙarfi, sai ta ƙara yin ƙasa. "Yaya, sa'ad da Inna ke kwance, wa ke juya ta?"

Daga bayan katanga ana jin tafiyar masu ziyara da kiran mai ruwan sanyi.

"Gori kaz zo yi mani?"

"A'a, wallahi. Ni ma ban juya ta ba. Ina tasha ina ihu. Jiya na iske ta tana barci gaban mai shina tafasa. Da na yi jinkiri kaɗan, da yau wata magana akai. Tsarabar dangina take soyawa."

Yaya Hafsat ta jawo tiren ta ci gaba da tsintar zogale, tana cire ganyen da ba abin da ya same shi tana yarwa. Sai ta ja bakin mayafinta ta share fuska, kamar gumi take sharewa.

"Zariya dai ba ku kwana otal," ta ce. "Jos ma haka. Kano ma haka. In kunka yi, ba ni iya ɗaga kai cikin dangi."

"To shi ke nan, Yaya. Mun fasa."

"Wa yac ce ku fasa? Kai dai tun kana ƙarami ba ka da dabara. Ku tahi garin da ba mu da kowa mana."

Ya ɗago ya dube ta.

"Kira mani su," ta ce. "Ba aikinka ke nan ba?"

Haka Maigandi, wanda ya ƙarar da muryarsa yana kiran sunayen garuruwa da ƙarfi, ya tsuguna a gaban yayarsa yana kiran su a hankali, ita kuma tana kashe su ɗaya bayan ɗaya.

"Kaduna."

"Rabinmu na can."

"Katsina."

"Jikokin Baba Sule."

"Bauci."

"Ɗiyar Gwaggo na aure bayan kasuwa. Ko da dare kas shiga sai ta ji."

"Birnin Kebbi. Argungu. Jega."

"Kai, ka ma daina. Nan ko tari kay yi sai an kawo maka tuwo."

Ya fara jin dariya tana taso masa duk da gajiyar. Ashe dangi ma suna iya cika ƙasa har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa.

"Yawuri."

Ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi, tana bin zuriya gida-gida. "An taɓa kai wata can. Auren bai daɗe ba, ta dawo. Ba kowa."

"Minna."

Ta sake rufe ido. "Akwai Bashar, amma an ɗauke shi aiki ya koma Abuja da iyalinshi." Ta buɗe ido. "Yawuri da Minna. Ko kaza ba mu da ita can. Ku tahi."

Ya fara godiya, ta ɗaga masa hannu. "Ban ƙare ba. Na riga na gaya ma mutane. Kayan da anka tara maka, ka aika, ai sana'arka ce. Amma barka da ta'aziyya ba a ɗaure su bisa mota. In kun dawo, kai za ka tahi da ƙahwarka, kai kaɗai, ka bi gidajen nan duka. Zan ce musu Binta ba ta jin daɗin jikinta, kuma ba ƙarya niy yi ba."

"Shamsiyya fa?"

"Uwarta ta mutu ne? Ni zan tahi." Ta ja tiren zogalenta. "Tashi ka ba ni wuri. Ka ce ma Binta ta sauke kaskon nan."

Sai aka koma farko. Duk ginin da ya yi makonni yana yi a kansa ya rushe, ya kama sabo a gajiye. Bawa bai san wannan hanyar ba, sai da aka nemo wani direban Kwantagora ya kwatanta masa wani masauki a Yawuri da ba shi da nisa da bakin ruwa, da wani a Minna kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya yi kwanaki yana jigilar kayan zaure zuwa tasha, gero a wannan mota, keken ɗinki a waccan, alkakin Binta da yajin jego a hannun direban da ya fi yarda da shi. Direbobi sun yi masa ragi, amma ba su kai kyauta ba, kuma abin da aikawar ta ci daga kuɗin adashi ya rage musu kwanakin hutun. Gari uku sun koma biyu. Ga kuma wata tafiyar tana jiran sa in sun dawo, da gwiwoyin nan nasa da ke ƙara in ya tashi daga sujada.

Da ya zo gaya wa Binta, abin da ya fi yi masa nauyi shi ne bargon.

"Ba Jos," ya ce. "Yawuri zahi ne kamar nan. Amma akwai Kogin Kwara, an ce ba a hango ƙarshenshi. Akwai kihi. A Minna kuma ki ga jirgin ƙasa."

Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu. "Akwai wanda yas san ni?"

"Yaya ta bincika. Babu."

"To ya isa."

Ranar tafiya suka isa tasha bayan sallar asuba da jakarsu ɗaya. 'Yan kamasho suka yi caa a kansa, wannan ya ce ranka ya daɗe ina za a kai ka, wancan ya karɓi jakar da hannu biyu kamar ta gwamna. Bawa ya leƙo daga motarsa ya ce a duba da kyau, kada fasinjan nan ya sauka a Bodinga ya ce ya gaji. Maigandi ya biya kuɗin kujera biyu a bayan direba, ya sa Binta a jikin taga, ya zauna ya ɗora jakar a cinya. Kujerar ta yi masa wani iri. Wani yana can yana kiran "Jega, Yawuri, saura mutum ɗaya!" kuma ba ya jan wasalin yadda ya kamata. Maigandi ya ji maƙogwaronsa yana motsi, ya danne.

Motar ta kusa cika sai ga wani maƙwabcinsu da ke sayar da goro a bakin tasha, ya taho da sauri da ƙulli a leda, ya zuro hannu ta ƙofar motar.

"Maigandi! An ce Yawuri za ka? Ga ɗan saƙo, ba shi da nauyi. In ka sauka ka tambayi…"

Hannun Maigandi har ya tashi da kansa, don ya saba. Sai ya mayar da shi kan jakar.

"Ka ba direba, ku yi ciniki," ya ce a hankali. "Yau ni fasinja ne. Kuma ka rage murya."

Mutumin ya bi idonsa da kallo. Binta ta jingina kanta da gilashi, mayafi ya rufe rabin fuskarta, ta riga ta yi nisa a barci tun mota ba ta tashi ba. Hannuwanta suna kan cinyarta a buɗe, ba muciya, ba ludayi. Direba ya tayar da injin, motar ta gangara ta fita ƙofar tashar da Maigandi ya yi shekara talatin yana tsayawa a bakinta. Ya so ya taɓa Binta ya nuna mata sun fita gari. Ya fasa. Ya gyara mata bakin mayafin, ya bar ta.